Batirin Mai Burodi

Ni dai ban ba da haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. In kun ji ana yawo da maganar cewa taurin kai ne ya raba ni da shagon ubanmu, to ku zauna ku ji yadda aka yi, sannan kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Shekara ashirin da biyu ina cajin batir a shagon nan. Baba ne ya koya mini, don a lokacin ba shi da wanda zai koya wa sai ni. Ƙannena mata sun ce warin wurin yana sa musu ciwon kai, Auta kuwa, namijin gidan guda ɗaya, yana aji biyu na firamare, majina ma sai an share masa. Ni na zauna. Babu rigar aikina da ruwan batir bai yi wa huji ba, kuma har yau in na shiga taron mata sai na ga ana satar kallon hannuna. Oho dai, hannun nan ne ya ciyar da gidanmu tun da ƙarfin Baba ya fara raguwa.

Shagon dogon ɗaki ne mai ƙofa biyu a gaba da taga a gefe. Akwai kantar siminti da muka shimfiɗa wa roba, a kanta batura suke jeruwa, ga tsohuwar caja mai allura a ƙarshen kantar. A can ciki kuma akwai ɗan sito, ba taga, ba komai, sai ƙofar katako, nan muke tara matattun batura kafin masu saye su zo.

Dokokin Baba ba su da yawa, amma ba a taka su. Ƙofa da taga a buɗe suke muddin akwai batir a kan caji. Ba a shan taba ko a bakin ƙofa. Kafin ka sa wa batir wuta sai ka buɗe marufansa ka ga ruwansa, in ya yi ƙasa ka ƙara masa tataccen ruwa, ka goge kawunansa su yi fes. Jar waya a kan mai alamar ƙari, baƙar waya a ɗayan. Sai ka gama haɗawa sannan ka kunna caja, sai ka kashe caja sannan ka cire waya. Kuma wuta kaɗan-kaɗan ake ba shi, batirin ƙaramar mota allura ba ta wuce shida, ko da mai shi zai yi birgima a ƙasa. Dalilin duk wannan guda ne: batir in yana shan wuta yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Bara hawan jini ya taɓa Baba, hannunsa na dama ya mutu. Tun daga nan sai dai a kawo shi a zaunar da shi a kujera a bakin shago, yana kallon titi, yana gyara mini kuskuren da ban yi ba. Ran nan ya tara mu ya ce ya gaji, ƙarshen wata zai miƙa mukullin shago ga ɗayanmu, ni ko Auta. Wallahi har dariya ta kusa kama ni. Ni ko wa?

To amma Auta ba Autan da ba ne. Ya kai shekara ashirin da tara, ya yi aure, ya gwada sayar da waya ya bari, ya gwada tuƙi ya bari. Sai ya tafi wani kwas na wata uku, ya dawo da takarda a cikin firam da sabuwar caja mai tayoyi, tana da fanka a ciki da lambobi masu haske. Ya ce daga yau a riƙa ce masa Injiniya. Ya buga allo ya kafa a gefen namu: CAJI CIKIN RABIN AWA.

Ku fahimce ni, cajar ba ta da laifi. Na duba ta da kaina ranar da ba ya nan, tana da wurin ba da wuta a hankali kamar kowace caja ta arziki. Hannun da ke murza ta ne matsalar. Auta tun yana yaro ba ya iya jiran shayi ya huce.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Ranar da ya turo cajar cikin shago na tsaya a gaban kanta na ce wannan abin ba zai zauna kusa da baturan mutanena ba. Ya ce ina zai kai ta? Na ce ya kai ta inda ya ga dama. Sai ya tura ta cikin sito, ya ja waya daga bango, ya mayar da wurin ofishinsa. Na ga haka, na san wurin ba iska, na yi shiru saboda haushi. Wannan shirun yana damuna har yau.

Saura kwana uku wata ya ƙare, wajen ƙarfe goma na safe, sai ga mai burodi ya shigo da batir a kafaɗa, zufa sharkaf. Tsohon abokin cinikinmu ne, yana da ƙaramar motar da yake rarraba burodi a shaguna, mutumin kirki, sai dai taba ba ta barin bakinsa. Ya dire batirin a kanta tim.

"Ranki ya daɗe, a taimake ni. Na bar fitila a kunne tun jiya, yau da turi ta tashi, na tsaya sauke kaya a layi na biyu ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mota cike da burodi, ga rana tana ɗagawa."

Na sa tabarau da safar hannu, na buɗe marufan. Tabɗi! Ramuka biyu ruwansu ya janye har ƙarafan ciki sun fito. Kawunan sun yi farin gari kamar an barbaɗa musu gishiri. 'Yan hujin da ke jikin marufan, inda iska ke fita, duk ƙura da mai sun toshe su.

Na ce, "Malam, yaushe rabonka da buɗe wannan?"

Ya ce, "Ana buɗewa ne?"

Na ce to, zan wanke shi, in ƙara masa ruwa, in sa shi a shida. Ya dawo da yamma.

"Yamma! Haba ranki ya daɗe, burodin fa? In ya kai azahar a motar nan ai sai dai in ba awaki."

Batirin da muke ba mutane aro yana wurin wani mai tasi tun jiya. Na ce ya ba ni minti arba'in, zan kira maigidana ya zo da motarmu, in cire namu in ba shi ya gama rabonsa, da yamma mu yi musaya. Wannan ba sabon abu ba ne, na sha yi wa mutane.

Ina cikin neman lambar maigida sai na ji murya a bayana.

"Yallaɓai, me zai sa ka jira motar wani? Rabin awa, ka ɗauki abinka ka tafi."

Auta ne, da farar rigarsa mai aljihu da biro biyu a soke. Mai burodi ya dube shi, ya dube ni, ya dubi agogo.

Na ce, "Auta, batirin nan ba shi da ruwa."

Ya ce, "Yaya, sunana Injiniya a wurin aiki. Kuma zamani ya wuce wannan jiƙe-jiƙen naki."

Na juya wurin Baba. Yana zaune a kujerarsa, ya ji komai, amma ya kafa wa titi ido kamar an ce masa ga wani abu can. Na gane. Gwada mu yake yi, yana so ya ga wanda zai riƙe mai ciniki. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban ga abin gwaji a nan ba.

Mai burodi ya ce, "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, sauri nake yi." Auta ya mayar da marufan ya ɗaure su tamau, ya rungumi batirin ya shige sito. Na bi shi da murya na ce ko ruwa ya ƙara masa, kuma ya bar ƙofar a buɗe. Ya ce ya ji. Ina kallo ya tura ƙofar da ƙafa, ta rufe saura kaɗan.

Wata malamar makaranta ta zo karɓar nata, na sallame ta, na bi ta har mota na ɗaura mata, jar waya tukuna sannan baƙar. Hannuna yana aiki amma kunnena yana sito. Fankar cajar tana ta kuka. Na dawo na goge kanta da ba ta da datti. Na sake gogewa. Mai burodi yana ta safa da marwa a gaban shago, yana amsa waya, yana rantse wa mutane cewa ga shi nan tafe.

Minti ashirin da biyar, sai warin ya iso ni. Duk wanda ya yi aikin nan ya san shi, warin ruɓaɓɓen ƙwai. Batir mai lafiya ba ya wannan warin. Na dubi Baba, na ga hancinsa ya motsa, ya ɗan ɗago daga kujera da hannunsa mai lafiya. Ban jira ya yi magana ba.

Na tura ƙofar sito. Zafi da wari suka buge ni. Lambar cajar tana kan arba'in. Arba'in! Batirin yana tafasa, ana jin ƙarar daga bakin ƙofa, cikinsa ya kumbura ta gefe, wani ruwa-ruwa yana tsattsafowa ta gindin marfi ɗaya. Auta ya sunkuya a kansa, fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga marufan ba, ba tabarau, ba komai. Hannunsa na dama yana kan bakin jar wayar yana girgiza shi zai cire, caja kuwa tana kunne. A hannun hagu yana riƙe da guntun waya mai kai biyu a fere. Na san abin da zai yi da ita. Irin abin nan ne da 'yan gefen titi suke yi, a ɗora waya a kai ɗaya a ƙyasta a ɗayan, tartsatsi ya tashi, a ce wa mai mota ka gani, ya cika. Kuma a daidai lokacin mai burodi ya biyo ni ya tsaya a bayana yana leƙe, taba a baki, abin kunnawa a hannu.

Na ce, "Kar ka taɓa wayar nan!"

Auta bai ko ɗago ba. "Yaya, don Allah fita mini daga ofis."

Ya ci gaba da girgiza bakin wayar.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kai wa hannun mai burodi duka, abin kunna tabar ya yi tsalle ya faɗa can gaban shago. Na cafki wuyan rigar Auta ta baya da hannu biyu na fizgo shi da duk ƙarfin da shekara ashirin da biyu na ɗaukar batir suka ba ni. Allah ya sa yatsunsa suka zame daga wayar ba ta cire ba. Rigar ta yage ƙeee har gadon baya. Na ja shi da baya-baya ta tsakiyar shago, ƙafafunsa suna jan ƙasa, na sake shi a bakin ƙofa, ya zauna daɓas a kan titi, biro ɗaya nan ɗaya can. Na juya na kashe babban makunnin wuta da ke bangon gaba. Fankar ta yi shiru.

"Kowa ya fita! Malam, fita! A janye Baba!"

Mai faci, maƙwabcinmu na dama, shi ya zo da gudu ya ja kujerar Baba zuwa gaban shagonsa. Na buɗe ƙofofin gaba har bango, na sa sanda na tura ƙofar sito ta buɗe gaba ɗaya, na fito na tsaya a rana ina haki. Tsoro ne, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da nake.

Kafin ka ce me, layi ya cika. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, masu gyaran waya sun bar teburinsu, masu wucewa sun tsaya. Abin da suka gani shi ne ƙato mai aure a zaune a ƙasa da yagaggiyar riga, da yayarsa a tsaye a kansa. Wani ya ce me ya faru? Wani ya ce rigimar gado ce. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka.

Auta ya miƙe yana karkaɗe wando. "Me na yi miki? Me ya fashe? Ku shiga ku duba, me ya fashe?"

Babu abin da ya fashe. Batirin yana can a zaune, tafasar tana lafawa a hankali. Na ce ba mai shiga sai bayan awa ɗaya, na ɗauko benci na gindaya a ƙofa na zauna a kai. Mai burodi ya yi magiya, ya yi faɗa, ya ce hannunsa yana zafi, ya ce shekara nawa yana zuwa nan ba a taɓa dukansa ba. Na ce ya yi haƙuri da hannun, amma ba zai shiga ba. Na sake cewa in kira maigida ya kawo namu, ya ce ba ya so, nasa yake so.

Da awa ta cika, Baba ya ce a kai shi. Mai faci ya tallafe shi har sito, ina biye. Baba ya ɗora hannunsa na hagu a gefen batirin, ya shafa daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya a kan kumburin. Har lokacin da sauran ɗumi. Ya taɓa marufan ya ji yadda aka ɗaure su. Ya dubi guntun wayar da ke yashe a ƙasa. Sannan ya ce a mayar da shi kujera.

Auta ya cire wayoyin, ya ɗauki batirin a kafaɗa da yagaggiyar rigarsa, shi da mai burodi da rabin layin suka tafi wurin motar. Ba a jima ba na ji ihu da tafi daga layi na biyu. Mota ta tashi, bugu ɗaya. Mai burodi ya biyo ta gaban shago yana danna ham, ko kallona bai yi ba. Mai aski ya dawo yana cewa, "Ashe dai Injiniya ya san aikinsa." Wata mata da ban ma sani ba ta ce ai wasu yayyen ba sa son ganin ƙaninsu ya ɗaga.

Na ce musu batirin da aka dafa haka zai tashi mota yau, amma an ci rabin ransa, kuma ba wannan ce maganar ba. Ba wanda ya saurare ni. Mutane sun ga mota ta tashi da idonsu, abin da na hana kuwa babu wanda ya gan shi.

Da la'asar aka aiko in zo gida. Na tarar da su a falo: Baba a doguwar kujera, Mama a gefensa ta sha kunu da fuska, Auta a tsaye jikin taga ya sake riga. Yagaggiyar kuwa an shimfiɗa ta a kan tebur kamar za a kai ta kotu.

Mama ce ta fara. "Ke yanzu abin da kika yi ya yi miki kyau? Magidanci, mai iyali, ki ja shi a ƙasa a gaban duniya? Matarsa tana can tana kuka, har gida aka kai mata labari."

Na ce, "Mama, gara ta yi wannan kukan."

"Ji ta! Ji bakinta!"

Baba ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Uwata yake ce mini tun ina ƙarama, kuma da wannan sunan ya kira ni.

"Uwata, na taɓa batirin. Na san abin da na taɓa. Gaskiya taki ce."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura.

"Mukulli naki ne, dama can naki ne. Abu ɗaya nake roƙo. Gobe da safe, a bakin shago, a gaban waɗanda suka gani, ki ba ƙaninki haƙuri."

Na ce, "Rigar zan biya shi, in ba shi haƙurin ja a ƙasa. Wannan ba komai."

Auta ya juyo daga taga. "Ba riga nake magana ba. Ki ce aikina ba shi da matsala. Ki ce tsoro ne ya ruɗe ki, babu wani haɗari. In ba haka ba wa zai sake kawo mini batir a layin nan? Kin kashe mini suna."

Na dubi Baba, ina jira ya tsawata masa. Ya sunkuyar da kai.

"Kalma ɗaya ce, Uwata. Ki faɗa a wuce wurin. Daga baya ni zan zaunar da shi in yi masa magana a hankali."

Na ce, "Baba, in na tsaya a gaban mutane na ce babu haɗari, jibi zai sake. Kuma mai faci zai ce ai ita ma ta ce babu komai, masu gyaran waya su ji, duk mai guntun waya a layin nan ya samu hujja daga bakina. Ka ce in durƙusa masa, zan durƙusa. Ka ce in wanke masa kaya wata guda, zan wanke. Amma ba zan ce batirin nan lafiyarsa ƙalau ba, don ƙarya ce, kuma kai ka koya mini cewa ƙarya ce."

Mama ta ce, "Kin gani ko? Sai dai nata."

Auta ya ce in ba a yi haka ba shi ya gama da shagon, ya gama da unguwar, zai kwashe matarsa ya tafi inda ba a san shi ba. Mama ta fashe da kuka ta riƙe hannun Baba mai ciwo. Na san Auta, ya sha faɗin irin wannan, amma na san Mama ma, kuma na san wa zai kwana da kukan.

Da Baba ya buɗe baki, muryarsa ta tsufa fiye da yadda na san ta.

"Ke ko'ina aka ajiye ki za ki tsaya da ƙafarki. Shi fa?"

Na ce, "To ka ba shi."

"Uwata..."

"Ka ba shi, Baba. Ba zan faɗa ba."

Ya laluba aljihu da hannun hagu ya ciro mukullin. Nawa ne ma, wanda na ɗaura wa jan zare don kar ya ɓace, ya karɓa da rana ya ce zai duba wani abu. Ya miƙa wa Auta bai dube ni ba. Na yi kuka a hanyar gida, ba zan ce ban yi ba. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ne, kuma ina son shagon nan kamar ɗan da na haifa. Maigida ya ce in koma in faɗi kalmar kawai, ai kowa ya san gaskiya. Na ce masa in yana son zaman lafiya ya ci abincinsa.

Washegari na riga Auta zuwa, na zauna a bakin shago har ya zo ya buɗe. Na kira masu baturan da ke kanta ɗaya bayan ɗaya na ce na tashi, wanda yake so ya bar nasa, wanda yake so ya biyo ni garejin gidanmu. Na kwance tsohuwar cajar mai allura, Baba ya riga ya ce in ɗauka. Tabarau da safar hannu biyu-biyu ne, na ɗauki nawa, na ajiye wa Auta sauran a kan kanta inda ba zai ce bai gani ba.

Sannan na ɗauki sukundireba na nufi sito.

Auta ya ce, "Me kuma za ki yi a ofishina?"

Na kwance ƙusoshin ƙofar, na sama uku, na ƙasa uku, ɗaya ya yi tsatsa sai da na sa guduma. Na ciro ƙofar ɗungurungum, na kinkime ta na fito da ita ta tsakiyar shago. Sito ya zauna baki buɗe, iskar taga tana shiga har bangon ƙarshe.

"Yaya, wannan ai sata ce! Ƙofar shago ce!"

Na ce, "Ka kai ni ƙara. Kuma in ka sa wata, zan dawo in cire ta."

Mai faci ya taya ni ɗora ta a saman motarmu da maigida ya kawo, yana danne dariya. Mai aski ya leƙo, masu gyaran waya suka miƙe tsaye, duk suna jira su ji ko yau za a ba da haƙuri. Na ɗaure ƙofar da igiya, na sa cajar a kujerar baya, na buɗe gaba zan shiga.

Auta yana tsaye a bakin shagonsa da mukulli a hannu, ya haɗe rai, yana harara ta kamar zai cinye ni ɗanya. Na tsaya na kalle shi da kyau. Idon dama yana nan, na hagu yana nan, duk biyun tar da su, kuma da su yake harara ta. Na shiga mota na ce wa maigida mu tafi.